Ranar da Aka Yi Mini Kara a Gaban Allo

Ba ni da tabbacin shekarar. Inna ta ce ina aji huɗu, yayana ya ce biyar, malamin da zai raba gardamar kuma ya rasu. Abin da na tabbatar shi ne bayan azahar ne, a makarantarmu ta Sharabi, allon bango yana warin baƙin batir da muka shafa masa.

An kawo mana sabuwar ɗaliba daga tsallaken iyakar Benin, Dendi take ji, Hausarta kaɗan ce. Malam ya ba ni alli in koya mata ɗebewa. Na cika allon da lambobi, tana ta gyaɗa kai. Na juya ina jiran yabo.

Malam ya ce, "Ke kinka yi lissahin, ita kara ta yi miki. Ba ta allin mu gani."

Ta karɓa, ta kasa rubuta komai.

Yanzu ina digirin digirgir, mako mai zuwa kuma zan fara koyar da 'yan shekarar farko. Bincike aka horar da ni a kai, ba koyarwa ba. Idan zauren lacca guda ya gyaɗa mini kai, ta yaya zan san wanda ya gane?