Madarar Jar Saniya

Safiyatu ta gama tatsar saniya, ta waiga hagu da dama, ta rage kofi guda ta ɓoye a bayan rumbu. Sauran ta juye wa Kamilu, mai babur ɗin da ke tara wa kamfani madara. A shekarar da aka janye tallafin mai, saniyar nan kaɗai ta rage wa mijinta Dabo, kuma da madararta ake auno masarar tuwo.

A bayan danga, gidan Inna Huseina, akwai Asama'u, 'yar shekara huɗu, wadda tsohuwar ke riƙo. Tun da ƙyanda ta kwantar da ita ba ta sake miƙewa ba. Gashi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura. Malamar asibiti ta ce a dage da ba ta madara, amma da an kai bakinta sai ta tofar. Ran nan wani baƙo daga Rijiyar Zaki ya miƙa mata madarar kwali mai cakulan. Ta shanye tas, ta rungume kwalin, ta ce wai ta jar saniya ce, ita ba ta shan ta fara.

Madarar kwali kuwa a wannan zamani sai gidan masu hali. Safiyatu ta sayar da kazarta, ta aika aka sayo mata garin cakulan a ƙullin leda. Kullum sai ta tafasa kofin nan, ta kaɗa da garin, ta miƙa wa Inna ta saman danga, Inna ta ɗura a tsohon kwalin. Safiyatu ba ta taɓa leƙawa gidan ba. Iyakarta ta tambaya, kai a sunkuye, ko yarinyar nan ta sha. Wasu matan unguwa suka ce Safiyatu akwai kawaici, wasu suka ce zuciyarta ce kamar dutsen niƙa. Kumburin dai ya fara sacewa.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Dabo ya lura madara na raguwa, ya kuma san inda take zuwa, bai hana ba. Sai dai dusa ta yi tsada, saniya ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, Kamilu kuma ya ce ba zai ƙara ƙona mai saboda wannan ɗan guntun ba. Dabo ya gaya wa Safiyatu dillali zai zo ɗaukar saniyar ranar kasuwa. Ta roƙi a ƙara mata mako guda, ba ta faɗi dalili ba. Ya daɗe yana kallon danga.

“Babu ƙwayar hatsi a gidan nan, Safiya. Kin fi ni sani.”



Ranar kasuwa da safe ta yi tatsar ƙarshe, da ƙyar aka sami rabin kofi. Ta kaɗa, ta miƙa ta saman danga, ba wanda ya karɓa. Sai muryar Inna take ji tana salati. Zazzaɓi ya sake kayar da yarinya, haƙora sun datse, mata har sun fara taruwa.

Safiyatu ta tsaya da kofi a hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta zagaya ta shiga gidan, ta ratsa mata, ta durƙusa ta ɗora yarinyar a cinya.

“Safiya, a gaban mutane?” in ji Inna a hankali.

Ko kallonta ba ta yi ba.

“Asama'u. Asama'u, buɗe baki ki sha.”

Mata suka riƙe haɓa. Yarinya ta buɗe ido, ta dube ta kamar baƙuwa, ta yi kurɓi ɗaya.

Tun ranar da aka raɗa wa 'yarta ta fari suna, yau ne sunan Asama'u ya fara fita daga bakin Safiyatu.