Dutsen da Inna Ta Dafa

"Rabe, Inna ba ta cikin mota," in ji Balki.

Rabe ya sauke wayar da yake ɗaukar hoto. Tun da safe suka baro Madawa, shi da matarsa Balki da mahaifiyarsa, don su ga kwazazzabon bayan Keita da kowa ke zancensa. Yanzu ga hadari ya haɗo, tsohuwa kuma ta ɓace.

Balki ce ta hango mayafin Inna can ƙasa, a tsakiyar hanyar ruwa.

Rabe ya gangara da gudu, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafarsa. Ya san in aka yi ruwa a kan tudu, ambaliya ba ta sallama. Ya iske ta ta dafa wani dogon dutse, tana addu'a.

"Inna, taho mu hau, ruwa na tahe."

"Bari in shafa fatiha."

Daga nesa ya fara jin rugugi. Ya goya ta ya kama hawa, bai tsaya ba sai rabin gangaren. Jan ruwa ya wuce ƙarƙashinsu, ya kewaye dutsen.

"Wa kike ma addu'a a wurin da ba ki taɓa zuwa ba?" ya tambaya yana haki.

Ta ƙara riƙe kafaɗarsa.

"Wata makiyayiya ce. Ina bisa dutsen can, kana jinjiri ka suɓuce mani, ta tsamo ka ta miƙo mani, ruwa ya tahi da ita. Ko sunanta ban sani ba."