Tambarin Yayanmu

Da la'asar Gugun, saurayin yayata Nenden, ya shigo shagon ɗinkinta a birnin Bandung na Indonesiya, ya ajiye baƙar rigarsa mai cike da tamburan makaɗan metal, kiɗan nan mai tsananin ƙara. Ya ɗora yatsa a kan na ƙungiyar marigayi yayanmu.

"Neng," ya ce, yadda ake kiran budurwa a nan, "cire min wannan kafin baikonmu. Tun da suka fito a talabijin abokaina suke min dariya, wai kiɗan yara ne."

Ta dubi tambarin. Da hannunta ta ɗinka masa shi, satin da aka yi jana'izar yayanmu.

"Na gaji, Kang Gugun," in ji ta, da lakabin girmamawar da ta saba kiransa da shi.

Ta warware zaren a hankali, ta sa tambarin a aljihunta, ta miƙa masa rigarsa.

"To, maganar baikon fa?"

"Je ka tambayi abokanka."