Kujerar Baya

Baduku ya shafa tafinsa a kujerar baya, ya kai hannun hanci, sai ya miƙe ya janyo ƙofar rumfa.

Shekara talatin yana gyaran kujerun fata na mota. Duk layin an san shi da tsauri. Ya taɓa kai wani attajiri gaban hukuma da ya gane motar sata ce ya kawo masa, kuma wanda ya yi masa ƙarya sau ɗaya, ya gama kawo masa aiki.

Mai motar na durƙushe, kansa a ƙasa. Direban haya ne, matashi.

"Nama na ɗauko," ya ce. "Rago ne, ya ɗiga."

"Rago mai farce?"

Baduku ya nuna masa layi huɗu da aka karta a jikin fatar, daga sama har ƙasa. Direban bai ɗaga ido ba.

Kowa ya ji labarin. Kwana uku ke nan wata malamar asibiti ta tashi daga aiki, aka gan ta ta shiga baƙar motar haya, ba a sake ganin ta ba. 'Yan sanda sun ce kowane mai baƙar mota ya kai musu ita gobe da safe su duba cikinta. Wanda aka samu da alama, igiya ce makomarsa.

Fata idan tana samun mai, abin da ya zubo mata gangarewa yake yi, a goge. Wannan kuwa an yi shekara biyu ba ta ga mai ba. Rana ta busar da ita, ta tsattsage, ta shanye abin da aka ba ta har cikin soso. Direban ya wanke da sabulun wanki, aikin sakarci, sai fatar ta ƙara yin tauri, tabon ya fito baƙi ƙirin.

"Sau nawa na ce maka a shafa mata mai?" in ji Baduku.

Direban ya tashi ya ɗauko gwangwanin mai daga bayan akwati, inda ake ɓoye shi, ya ajiye.

"Fita. Kada in gan ka sai gobe."

Baduku ya kwance kujerar. Ya bi ɗinkin da wuƙa, ɗinkin hannunsa ne na shekarun baya. Soson ciki ya yi nauyi, ya fara wari. A cikin lungun ɗinkin ya tarar da ɓallin farce, ya daɗe yana kallon sa, ya jefa a aljihu.

Ya kai soson bayan rumfa ya cinna masa wuta. Matarsa ta leƙo daga ƙofar gida, suka haɗa ido, ta koma ciki.

Sabuwar fata tona asiri take yi. Don haka ya tono tsohuwa cikin tarkace, mai shekarun wannan, ya yanka ya dasa. Zaren ma sai da ya murza shi da toka. Bai tsaya a kujera ɗaya ba. Wanda ya gyara ɗaya ya bar sauran, ya nuna wa mai bincike wurin dubawa. Duka ya wanke da ruwan ɗumi, ya cike tsagar, ya rina, ya shiga murza mai da tsumma, zagaye-zagaye, yana jira ta sha, yana ƙarawa.

Mai faci na kusa da shi ya turo kai. "Baduku, wannan shafa haka? Ko matarka ba ta samu rabin wannan ba!"

Baduku ya ci gaba da murzawa.

Bayan la'asar wata dattijuwa ta tsaya a bakin rumfar, ƙafafunta duk sun kumbura, da hoto a hannu.

"Sannu da aiki, malam. 'Yata ce. An ce kai kake ganin cikin motocin mutane, an kuma ce ba ka ƙarya. Don Allah, ko ka ga wani abu?"

Ya karɓi hoton. Budurwa ce cikin farin kaya, tana dariya. Man hannunsa ya ɓata gefen hoton. Dattijuwar ta dafa kujerar da ke jingine, don ƙafarta ba ta ɗaukar ta.

"Ko gawarta ce in samu," ta ce. "In san inda zan ce tana nan."

Baduku ya miƙa mata hoton.

"Ban ga komai ba, baiwar Allah."

Ta yi masa godiya. Har addu'a ta yi masa, Allah ya shirya masa zuri'a. Ta ja ƙafa ta wuce rumfa ta gaba.

Da safe direban ya zo ya ɗauki motar. Kujerun sun yi laushi, sun yi duhu iri ɗaya, kamar na mutumin da ke kula da abinsa. Kafin azahar ya dawo. 'Yan sanda sun ɗaga shimfiɗa, sun haska fitila, sun shinshina. Babbansu har tambaya ya yi wa ke masa gyara.

Direban ya durƙusa zai yi magana.

"Rufe min baki," in ji Baduku. "Ja motarka."

Ya tsaya har ta sha kwana. Sannan ya tattara basilla da wuƙaƙe da gwangwanin mai, ya zuba a buhu, ya ɗaure, ya sa wa rumfar kwaɗo. Mai faci ya tambaye shi ko lafiya, ya wuce shi.

A tsakar gida matarsa na zaune inda ya bar ta tun jiya, idanunta sun yi jawur. Ya wanke hannu sau uku, ƙamshin man bai fita ba.

"Share hawayenki," ya ce. "Ba za su rataye ɗanki ba. Amma ni daga yau ban haifa ba."