Lemun Tsamin Gwaggo Hajo

Ku matso ku ji, jikoki. Ina yarinya a Tsibiri, shekarar da cutar agana ta shigo gari, masu lambar rigakafi suka zo bayan azahar suka tsaga mana damtse. Suna juya baya, kowace uwa ta ja ɗanta bayan ɗaki tana goge wurin da lemun tsami, wai kada maganin Nasara ya shiga jini. Unguwa duk ta ɗauki ƙanshin lemu.

Gwaggo Hajo, yayar babana, ta shigo da nata a yanke.

"Miƙo hannu, ɗiyata, tun bai shige ba."

Inna ta jingine taɓarya, ta tsaya tsakaninmu, fuskarta duk zanzanar agana.

"Yaya Hajo, 'ya'ya biyu na binne ba lamba. Wannan da tata za ta kwana."

"Ke kin fi matan garin nan wayo ne?"

"Na fi su kaburbura."

Gwaggo ta fita tana tsaki.

Da korona ta zo, maƙwabtana a Zariya suka ce allurar rigakafinta ta kisa ce. Na ɗaura zanena na tafi ni kaɗai aka yi mini. Mai son hana ni, sai ya tono Inna tukuna su yi gardama.