Tayoyin Shiga Gari

Tunda ka ce ba za ka leƙa gida ba sai ka kintsa, zauna ka ji labarin wani tela. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ɓaɓura, ya tafi ci-rani Ibadan, ci-ranin ya zama zama. Uwarsa ta rasu tun yana goye, yayarsa Tabawa ce ta raine shi, ita ce kuma ta sayar da tunkiyarta ta ba shi kuɗin mota ran da zai tafi. Babu ranar da ba ta faɗo masa a rai. In ya ji ƙamshin daddawa daga gidan maƙwabta sai ƙafarsa ta tsaya a kan keken ɗinki, ya hango tsakar gidansu, ya hango Yaya durƙushe tana hura wuta tana yi masa faɗa. Amma ya riga ya ɗaukar wa kansa alkawari: ba zai koma a motar haya kamar yadda ya fito ba. Da motarsa zai shiga gari, Yaya ta gani da idonta cewa tunkiyarta ba ta tafi a banza ba.

Bayan shekara goma Allah ya ba shi wata tsohuwar mota, tayoyinta sun suɗe kamar tafin hannu. Da ya tambayi kuɗin sababbi aka faɗa masa, sai da ya nemi wurin zama. Ɗinkin Sallah biyu cur ya zuba, ya sayo guda huɗu baƙaƙe wuluk, har da ɗan gashin nan na sabuwar taya. To abin da aka saya da wannan tsada, a ce a taka shi a kwatamin birni? Ya ɗora motar a kan bulo, ya shigar da tayoyin ɗaki ya lulluɓe su da zanen gado. Baƙo a tabarma, taya a katifa. An ce har fifita yake yi musu in an ɗauke wuta, kuma wanda ya ba da wannan shaida ba ya ƙarya sai in ya sami mai sauraro.

Kowace shekara Yaya takan sa a kira mata shi a wayar maƙwabta, ta ce idonta ya fara yana, Auta ya zo ta gan shi tun tana gani. Shi kuwa ya ce in sha Allahu baɗi. Bana fenti ne bai yi ba. Baɗi batir ya mutu. Wata shekarar mai ya yi tsada, wata kuma tsarabar da ya haɗa ba ta kai ta mai mota ba. Kaza ta ƙyanƙyashe a kujerar baya, jikokinta ma nan suka yi nasu. Haka har shekara tara, yana ɗaga zanen gado yana shafa tayoyin, yana jin guɗar matan ƙauye a kunnensa.

Ran da aka gaya masa Yaya ta fara gaida turmi a zaton mutum ne, sai hankalinsa ya tashi. Ya sa aka tayar da motar, aka ɗaura tayoyi, ya ɗauki hanya. Ya haye gadar Jebba lafiya, rana na tsaka, kwalta na tafasa, sai tayar gaba ta fashe kamar an harba bindigar toka. Kafin Mokwa ta baya ma ta bi 'yar'uwarta. Allah ya tsare ransa, aka jawo shi wurin wani dattijo mai faci, yana ta rantsuwa cewa sababbi ne, yau suka fara taka ƙasa. Dattijon bai musa ba. Ya goge gefen taya da babban yatsa, ya nuna masa tsaga-tsaga kamar faso a diddige, ya nuna masa 'yan lambobin da ke faɗin shekarar da aka yi ta.

"Maigida, ai ba tafiya kaɗai ke cin taya ba, zama ma yana ci," in ji shi. "In ta haura shekara shida, ko a kan gadonka take kwana, tsohuwa ce."

Tela ya tambayi kuɗin wasu, ya tarar kuɗin huɗunsa na da yanzu ko ɗaya ba za su saya ba. Nan ya bar motar a gindin mangwaro, ya shiga motar haya, ya ƙarasa ƙauye a bayan babur da ƙura har cikin kunne. Babu wanda ya yi guɗa. Ya sami Yaya zaune a ƙofar ɗakinta, ya yi sallama, ta amsa tana fuskantar inda ba ya nan. Ya durƙusa ya fara ba ta labarin motar da ke Mokwa, launinta da kujerunta. Ba ta ko saurare shi ba. Ta lalubo fuskarsa da hannu biyu, ta bi goshi, ta bi kumatu, ta tsaya a haɓa.

"Auta, kai ne da gemu? Fari ne ko baƙi?"

Ya ce baƙi ne, Yaya. Ta daɗe tana shafa shi, sannan ta ce ba komai, ai dole ta yarda, tunda bai zo lokacin da za ta iya ƙaryata shi ba.

Shi ya sa Bahaushe bai ce a jira mota ba, cewa ya yi zumunta a ƙafa take.