Wanda Ya Ƙona Rumbu

Kawu Gidaɗo bai amsa gaisuwar Dikko ba. Tun daga Gwashi ya biyo akori-kura har makarantar Gummi inda Dikko, ɗan ƙanwarsa, ke koyarwa.

"Kai ka rubuta labarin da aka karanta a rediyo ran Laraba?"

"Ni ne, Kawu," in ji Dikko.

Shekara ashirin ke nan yana ɓoye abin. Yana yaro ya gasa gyaɗa a bayan rumbun gidansu, ya tafi bai kashe wutar ba. Kafin la'asar geron shekara ya zama toka, har sai da Inna ta rabu da saniyarta ɗaya tilo don su ci. Da ya zo rubuta labarin sai ya ɓad da sawu. Ya cire yaro, ya ƙirƙiro wani dattijo mai laɓewa bayan rumbu yana shan taba.

Kawu ya ja shi bayan aji, inda ɗalibai ba za su ji ba. Dikko ya sunkuyar da kai, ya buɗe baki zai nemi gafara, sai tsohon ya riga shi magana.

"Wutar gyaɗarka ni na take ta da ƙafata, kafin in zamna in kunna tawa," in ji Kawu, murya ƙasa-ƙasa. "Ko matata ba ta san ina shan taba ba. Dikko, don Allah, wa yag gaya ma?"